Famfon Kukar Manu

Kukar Manu,
Ta Ɗanzomo,
19 ga Maris, 1972.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Mu'azu, Maigatari.

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Safara'u da yara. Mu ma lafiya lau muke, sai dai ƙafar maiɗakina Kande da ke taso mata in ta yi doguwar tafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne, ba ya bin layi.

Alhaji, ruwa ya zo. Ranar Juma'a da muka dawo daga masallacin Ɗanzomo, bakaniken da ka aiko ya murɗa hannun injin, ya yi tari ya kama, ba a jima ba muka ji ruwa na zuba cikin tanki. Da aka buɗe famfo sai jama'a suka ja da baya. Mai-gari ne ya fara tara hannu ya kurɓa. Ya haɗiye, sannan ya ce, "Ruwa ne." Aka fashe da dariya, mata suka rangaɗa guɗa.

Kande ta ce ita kunya take ji, mace da ƙarfinta ta tsaya ta harɗe hannu tulu yana cika kansa. Tsofaffi kuwa sun sa masa suna ruwan Alhaji, wasunsu sai sun yi baƙo suke aikawa a ɗebo. Sun ce abin gata ne, ba a yi masa shan yau da kullum.

Wani mutumin Sule Tankarkar ya tambaye ni me ya haɗa attajirin Maigatari da ƙauyenmu har ya haƙa mana burtsatse. Na ce kakarsa Laure ƙanwar kakana Manu ce, wanda ya sari garin nan ya haƙa rijiyarsa. Ya ce ai wannan zumunci ya yi nisa. Na ce da nisan nasa ga shi ya kawo ruwa.

Ɗana Hussaini ne bakanike ya koya wa tayar da inji da zuba masa mai. Yanzu ko tuwo yake ci kunnensa na wajen injin.

Sai magana ɗaya. Tsohuwar rijiya ta zama kufai. Da, tun asuba ba ka raba bakinta da mutane, yanzu sai tantabaru. Shekaranjiya aka tarar da jikar Mai-gari, wadda ko yaye ba a daɗe da yi mata ba, zaune a bakin rijiyar tana lilo da ƙafa. Ka san zurfin rijiyoyin ƙasar nan. Mai-gari ya ce in tambaye ka, tunda kai ma kana da gado a cikinta, kuma kai ne ka kawo abin da ya maye ta. Yaya za a yi da ita?

Zan ba Halliru direbanka takardar nan in ya kawo gas. Allah ya saka maka, ya jiƙan magabata.

Ni ne yayanka,
Ilu.

Maigatari,
9 ga Afrilu, 1972.

Yaya Ilu,

Na amsa gaisuwa, kuma ina miƙa tawa gare ka da Yaya Kande da Mai-gari. Kowa lafiya a nan. Takardarka ta faranta mini rai, har na karanta wa abokaina wajen da Mai-gari ya ce ruwa ne, muka sha dariya.

Ka ce wa tsofaffi su daina rowar ruwa. Su sha, su yi wanka, su shayar da awaki. Ba don baƙi na kawo shi ba. Duniya ta canja, Yaya, abin da ake ganin na Turawa ne jiya, yau na kowa ne. Ni ma na sayo wa gida firij mai aiki da kananzir. Safara'u ta ƙi shan ruwansa, wai haƙoranta za su zube.

A tsaitsaye nake rubutun nan. Ka ji an komar da tuƙi hannun dama, direbobina da suka saba shiga Damagaram ba su da matsala, amma na hanyar Kano sai na bi su da ido. Ga shanu kuma da zan loda zuwa Ikko.

Batun tsohuwar rijiya, ku rufe ta tun ba a yi asarar rai ba. Kada ku jira zuwana.

Gas zai riƙa zuwa muku ba fashi. Ka ce wa Hussaini ya kula da baƙin mai.

Naka,
Mu'azu.

Kukar Manu,
10 ga Disamba, 1972.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Mu'azu.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya hanya? Mu nan sai godiya. Damina ta yi mana gardama, gero bai kai wuyan rumbu ba, amma za a lallaɓa.

Na karanta takardarka a ƙofar Mai-gari gaban jama'a, aka yi na'am da shawararka. Mun rufe rijiyar kamar yadda ka ce. Gayya aka yi, an sha aiki, amma an gama kafin ruwa ya sauka. Ba zan ɓoye maka ba, ranar ban iya cin abinci ba, na riƙa tuna yadda mahaifina ke ɗora ni kan takarkari muna jan wasaki. To amma rai ya fi.

Da za ka zo yanzu ba za ka gane garin ba. Masu cewa ruwan baƙi ne, su ne ke fara layi. Igiyoyin guga sun koma na ɗaure jakuna. Takarkarin da ke ja mana ruwa Mai-gari ya kai shi kasuwarku ya sayar, ya ce ba zai ciyar da mai zaman banza ba. Inda ruwa ke malala bayan tanki mata sun kafa shinge sun shuka yakuwa da tattasai, a tsakiyar rani, abin da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba. Gidaje sun ƙaru, mutanen ƙauyukan gefe suna ta zuwa neman fili.

Wata rana bel ɗin inji ya tsinke, Hussaini ya tafi Gumel nemowa, aka wuni ba ruwa sai abin da ke cikin randa. Ka ga yadda gari ya rikice? Kande, mai jin kunyar nan, ita ce ta tare shi a ƙofa tana cewa, "Kai wane irin yaro ne, ka bar mutane ba wanka?" Na ce mata, ke da kike kwana da kwanaki a da ba ki ga ruwan wanka ba? Ta ce, "Da ke nan."

Babban labari shi ne mun yi wa Hussaini aure bayan Ƙaramar Salla. Sunan yarinyar Hannatu, 'yar Gagarawa Tasha. Sun daɗe suna son juna, ita ce ke ja da baya, wai ba za ta iya jan guga ba. Da ta zo ta ga famfo da idonta magana ta ƙare. Ka ga har aure ka ɗaura ba ka sani ba. Mun so ka zo, aka ce kana Ikko.

Allah ya ƙara buɗi.

Yayanka,
Ilu.

Kukar Manu,
3 ga Fabrairu, 1974.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Mu'azu.

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Shekara ta zagayo har ta wuce ban ga rubutunka ba, sai gas da Halliru ke saukewa. Na san harka ce ta yi yawa. Jikinmu da sauƙi, amma ba lafiya ce ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Ba sai na ba ka labarin farin bana ba, kai ma kana gani. Ko kara ba mu tsira da shi ba. Tun kaka Buzaye da Fulani ke gangarowa daga arewa da abin da ya rage musu na dabbobi, duk wanda ya ji labarin famfo nan yake nufowa. Mutum ya zo da yara leɓensu a tsage, ka ce masa me? Sai muka bar inji yana aiki tun asuba ba hutu. Hussaini ya yi magana, ya ce ƙarar ta canja. Mai-gari ya ce a lallaɓa. Ni ma haka na ce.

Ranar Talata da hantsi inji ya buga. Mun ɗauko bakanike daga Gumel, ya kwance shi, ya nuna mana babban ƙarfen da ke juya komai ya rabe biyu. Ya ce irinsa ko a Kano sai an dace.

Yanzu Ɗanzomo muke zuwa ɗibar ruwa. Jakuna sun rame, ba sa iya ɗaukar abin kirki. Wanda ya fita da asuba sai rana ta take yake dawowa, kuma mutanen can sun fara ɓata rai, don su ma rijiyoyinsu sun ja baya. Hannatu na da ciki, ita ma da garwa a ka.

Don Allah ka taimaka da gaggawa. Kai kaɗai ka san inda aka sayo shi.

Yayanka,
Ilu.

Kukar Manu,
10 ga Maris, 1974.

Alhaji Mu'azu,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Halliru ya rantse mini ya kai takardata gidanka hannu da hannu. Na tambaye shi kana ina, ya ce arewa. Arewa ina? Ya ce shi ma bai sani ba.

Lambun mata ya ƙone. Saniyata ta kwanta ba ta tashi ba. Liman ya ce kowa ya yi taimama, a bar ruwa don sha. Kande ta faɗi a hanyar Ɗanzomo tulu ya fashe, ƙafar ta kumbura, yanzu da rarrafe take fita tsakar gida. Ba faɗuwar ce ta sa ta kuka ba, ruwan da ya zube ne.

Mutane sun fara magana. Wasu na cewa ka sami sunan da kake nema ka wuce. Ina kare ka iyakar iyawata, amma bakina ya fara gajiya. Ko layi ɗaya ne ka rubuto, in sami abin da zan karanta musu.

Ilu.

Maigatari,
14 ga Afrilu, 1974.

Yaya Ilu,

Gaisuwa mai yawa. Jiya na sauka, na tarar da takardunka biyu a ɗaki. Wallahi ban san abin da ake ciki ba. Kwangilar kai hatsin agaji na samu zuwa Agadas da gaba da ita. Kamyo ɗaya cikin manyan motocina ya mutu mana a cikin rairayi, na zauna gadinsa har aka samo kayan gyara, 'yan duwan kuma, wato kwastan, suka riƙe ɗayan a kan iyaka. Abin da idona ya gani a can, Yaya, ku gode wa Allah. Na dawo da ciwon ido da basir. A gaida Yaya Kande da jiki.

Na yi baƙin cikin injin. Amma ai na ce a kula da shi, ba a yi shi don shayar da shanun duniya ba. Na aika Kano a duba, in babu sai Ikko. Zai ɗauki lokaci, kuma hannuna ba kamar da ba, cinikin shanu ya mutu. Ni ma nan gidan a rikice na same shi, firij ya lalace, Safara'u da yara sun ƙi ruwan randa, wai ɗumi gare shi, kullum sai an nemo musu ƙanƙara.

Abin da ban gane ba shi ne wahalar da kuke sha zuwa Ɗanzomo. Me ya hana ku ɗage murfin tsohuwar rijiya, ku yashe ta, ku ja ruwa kafin a gyara? Rijiyar Manu ba ta taɓa ƙafewa ba, haka kakata ke faɗa. Ko hannuwa sun yi laushi ne? Ai ba da famfo aka haife ku ba.

Masu cewa suna nake nema, Allah ya shirye su.

Naka,
Mu'azu.

Kukar Manu,
21 ga Afrilu, 1974.

Zuwa ga Alhaji Mu'azu.

Sallama. Sannu da hanya, Allah ya ba da lafiyar ido.

Wane murfi?

Da Halliru ya miƙo mini takardarka ban tsaya buɗewa ba, na nufi ƙofar Mai-gari, gari ya biyo ni. Na karanta da ƙarfi kamar yadda na saba. Da na zo wajen ƙanƙara wani ya yi dariya, irin wadda ba ta daɗi ba. Da na zo wajen murfi na tsaya na sake karantawa, na ɗauka idona ne. Sannan na karanta musu cewa ba da famfo aka haife su ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suka bar ni da takarda a hannu.

Alhaji, ka ce mu rufe ta, muka rufe ta. Ƙasa muka zuba. Jujin gari kaf ya shiga cikinta, da tsohuwar katangar gidan Manu da ta rushe, da yashin da jakuna suka yi ta jigila. Mun cike ta har baki muka daddaɓe. Yau in ka tsaya a wajen ba za ka ce an taɓa rijiya ba. Na rubuta maka cewa gayya aka yi. Wane murfi ne ake yi wa gayya? Ko ba ka karanta ba ne, don babu abin dariya a ciki da za ka kai wa abokanka?

Gaskiyarka, ba da famfo aka haife mu ba. Da guga aka haife mu, da igiya, da takarkari, da rijiyar da ba ta ƙafewa. Muna zaune da wahalarmu mun san kanta. Ba mu roƙe ka ba. Ka zo ka ɗanɗana mana hutu, ka ce duniya ta canja, muka yarda da kai muka saki abin da ke hannunmu. Yanzu ka dawo kana tambaya ko hannuwanmu sun yi laushi. Zo ka duba kan Hannatu inda gammo ya cinye gashi, ga ciki ya tsufa.

Hussaini ya fi kowa jin zafin maganar, don yana ganin a hannunsa inji ya mutu. Ya tara samari sun ce za su tone rijiyar. Sun ce ƙasar cike ba ta kai sabon haƙa wuya ba. Na ce su bari a nemo masu sana'ar, ya ce, "Baba, duk sun tafi cin rani. Mu zauna mu jira Ikko?" Na ƙyale shi. Gobe za su fara.

A gaida masu shan ƙanƙara.

Ilu.

Maigatari,
28 ga Afrilu, 1974.

Yaya Ilu,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka.

Na rantse da Allah murfi nake nufi. Itace a gicciye, a ɗora kwano, a danne da dutse. Wane mai hankali ne zai ce a cike rijiya a ƙasar Gumel? Rufe na ce, ban ce cike ba. Ku da kuke zaune a wajen, da Mai-gari da Liman da dattawa, a rasa wanda zai ce a sake tambayar Mu'azu? Da ka rubuto ka ce an yi gayya, na ɗauka ta saran itace ce. Kuma ka faɗi gaskiya, Yaya, da ba ku gaji da rijiyar ba, da kalma ɗaya ba ta isa ta sa ku binne ta ba. Ni alheri na yi niyya. Ban zaci ranar da za a yi mini gorin ƙanƙara a kansa ba.

Maganar famfo da na yi, wasa ne irin na 'yan'uwa. Na manta gaban jama'a kake karantawa.

Amma bar wannan duka. Ka hana yaran nan shiga ramin. Na ga irin haka a wani gari bayan Magarya. Itacen da aka ɗaure bangon tsohuwar rijiya da shi, in ya kwana cikin ƙasa ruɓewa yake, ana kwashe cikin sai bango ya biyo. Ka hana su ko da tsiya. Zan sa Halliru ya riƙa kawo muku ruwa a duro ranar da mota ba ta da lodi, har a ga abin da Allah zai yi.

Ka amsa mini da wuri.

Mu'azu.

Kukar Manu,
2 ga Yuni, 1974.

Alhaji Mu'azu,

Sallama. Ka riga ka ji a bakin Halliru, amma gara ka ji a nawa.

Motarsa ta lalace a Gumel, takardarka ta yi ta kwana a aljihunsa. Ranar sadakar uku ya kawo ta, tare da duro biyu na ruwa. Da ruwan aka dafa abincin sadaka.

Aikin ya yi nisa, har ƙasar da suke fitarwa ta fara danshi. Ranar da abin ya faru Hussaini ya karya kumallo da wuri, ya ce wa uwarsa, "Inna, yau ko gobe za ki yi wanka." Shi ya sauka. Ina cikin masu riƙe igiya. Da hantsi ya ɗago murya ya ce a jawo guga, muka jawo, ga laka. Samari suka fara kabbara. Muna cikin haka na ji ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafata, sai wata ƙara mai nauyi, ƙura ta taso daga ramin. Na kira sunansa. Muka ja igiya ta ƙi zuwa.

Mun tona, Alhaji. Da fartanya, da ƙwarya, da hannu. Mutanen Ɗanzomo sun zo, har Buzayen da ke zaune bayan gari. Duk abin da muka kwashe sai yashi ya ninka shi. Da bakin ramin ya sake zaftarewa ya kusa tafiya da mutum biyu, Liman ya kama hannuna ya ce, "Malam Ilu, ka ba da izini a tsaya." Ni na ba da izinin. A bakin ramin muka yi masa salla, muka mayar da ƙasar da ya fitar.

Ka san tagwaye ne, ƙyanda ta ɗauke Hasan tun suna goye. Shi kaɗai ya rage mini namiji.

Hannatu ta sauka, mace aka samu, an sa mata Rahamatu. Kande ba ta magana sosai.

Daren jiya aka yi ruwan farko, mai yawa. Tafki ya cika. Kada ka ƙara wahalar da mota.

Na karanta abin da ka ce, cewa da ba mu gaji da rijiyar ba da ba mu binne ta ba. Wannan ban karanta wa kowa ba.

Ilu.

Maigatari,
27 ga Oktoba, 1974.

Yaya Ilu,

Barka da shan ruwa, barka da Salla. Ina fatan an ga amfanin gona, na ji bana Allah ya rufa asiri. Yaya jikin Yaya Kande? Yaya marainiya?

Tun da na zo ta'aziyya ban sami natsuwa ba. Na zauna kusa da kai tun hantsi har la'asar, ban ji komai daga bakinka ba sai "Allah ya ba da lada." Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Na rubuto sau biyu a damina, ba amsa. Ban yi fushi ba.

Ƙarfen bai samu ba, don haka na sayar da kamyo ɗaya na sayi sabon inji. Yana nan a zaurena cikin akwatinsa. Wannan karon har da kayan gyara na ajiya, kuma bakanike zai riƙa leƙowa. Tafki ya kusa ƙafewa, na sani.

Amma ba zan kawo shi ba sai da izininka. Halliru ya ce mini akwai masu cewa ko kyauta ba sa son ganin wani abu nawa a garin. In haka ne ka faɗa mini, in kai shi wani wuri, ba zan riƙe ku a zuci ba. Har yau in na zauna ina juya maganar nan, na rasa inda zan ajiye laifin. Ka yafe mini abin da yake nawa a ciki.

Ƙanenka,
Mu'azu.

Kukar Manu,
10 ga Nuwamba, 1974.

Alhaji Mu'azu,

Sallama. Mun yi Salla lafiya, gero ya yi kyau. Kande na takawa da sanda.

Da na karanta takardarka, amsar da ta fara zuwa bakina ita ce ka riƙe kayanka. Har na rubuta, na yaga. Ba ni kaɗai ke shan ruwa a garin nan ba.

Mai-gari ya tara mutane. Waɗanda suka rage, don gidajen da suka zo saboda famfo duk sun tashi, har da wasu 'yan asalin garin. Ya ce ga hanya biyu. Ko a karɓi injin Alhaji, ko kuwa tunda an sami hatsi a haɗa ƙarfi a ɗauko mahaƙa su yi mana sabuwar rijiya mai siminti, mu koma jan guga, ba mai yi mana gori. Ya ce masu son rijiya su tashi tsaye. Alhaji, masu zaginka da safe da yamma suna wajen. Ba wanda ya motsa. Wani ya ce wa zai sayi takarkari, wani ya ce matarsa ta rantse ba ta ƙara taɓa igiya. Na so in tashi. Na duba cikin raina na tarar ni ma ƙarar injin nake jira. Na zauna.

Hannatu ta gama takaba ta koma gidansu a Gagarawa Tasha da jaririyar. Na je ganinsu. Na roƙe ta in an yaye Rahamatu ta kawo wa Kande ita, ko za ta sami abin da zai sa ta magana. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, in akwai ruwa zan kawo ta. In babu, ku yi haƙuri." Ban ga laifinta ba.

Saboda haka ka kawo injin. Ba don zuciyata ta huce ba, don ba mu iya zama babu shi ne. Ka tambayi yafiya. Ina roƙon Allah ya kai ni ranar da zan faɗe ta da gaskiya, ban kai ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Nawa laifin ma ban gama da shi ba.

In za ku zo, ban da maroƙa, ban da taro. A nemo wanda zai riƙa tayar da shi, daga gidana babu.

Ka ja wa direba kunne. In ya shigo gari kada ya bi ta filin da ke gabas da masallaci, ko da ya ga ya fi sauƙin juyawa. Wajen a shafe yake, na kewaye shi da ƙaya amma awaki na janyewa. Ya zagaya ta bayan gidan Mai-gari. Hussaini na nan ƙasa.

Ilu.